Yadda Mutari Ya Ɗauki Ragunan Layya Fasinja

Duk unguwar Boukoki ta birnin Yamai babu wanda bai san bakin Mutari ba. Mutum ne da in ka ce ka ga dorina a kogi, zai ce ai ita ce ta taɓa ƙetarar da shi zuwa Harobanda ranar da gada ta cushe. Shekara shida ya yi yana tuƙa faba-faba, ƙananan bas ɗin nan da ke kwasar mutane daga kasuwa zuwa unguwanni, har ranar da ya afka da ita rumfar mai kankana, yana waige yana bai wa fasinja labarin ƙwarewarsa. Tun daga nan mai mota ya karɓe makulli. Mutari ya koma zaman fada, benci da butar shayi a bakin titi, matarsa Ramlatu kuwa ta ci gaba da suyar ƙosan da ke riƙe da gidan.

Ana saura mako guda babbar salla, Alhaji Idrisa, mai gidan da suke zaune, ya zo gaida mahaifiyarsa. Bazabarme ne haifaffen Yamai, ya gina bene a unguwar Koira Kano, amma ba ya layya sai a ƙofar gidan tsohuwarsa a Boukoki. Da ya tsaya gaisawa a fada sai ya ce zai buɗe wurin gashin nama a Koira Kano, yana neman wanda zai riƙe masa wuta. Baba Buba, tsohon mahaucin kasuwar Petit Marché da ya saba gasa masa raguna duk shekara, ciwon baya ya zaunar da shi.

Mutari ya ajiye kofin shayi. "Alhaji, kana neman mai wuta ga ni zaune? Kakana sarkin fawa ne a garinmu. Cikin hayaƙi aka haife ni."

Baba Buba, da ke ƙarshen benci dafe da sandarsa, ya ce, "Bara ba ka ce muna kakanka maharbin zaki ne ba?"

"Wancan na wajen uwa ne, Baba."

"Wanda ya yi wa bature tafinta fa?"

"Yanzu ƙidayar kakannina muka zo yi, ko maganar aiki?"

Alhaji ya yi dariya. "Bon. Raguna bakwai gare ni bana, har da babban na Hajiya, mahaifiyata. Ka gasa su ranar salla a gaban jama'a. In sun yi, aikin naka ne."

Wanda bai taɓa yin babbar salla a Yamai ba sai an ba shi labari. Ba a yayyanka rago a kai tukunya. Ana sauka idi a yanka, a feɗe, a buɗe shi ɗungurungum a ɗaure jikin sanduna biyu a gicciye, sannan a jera su tsaye kewaye da ƙatuwar wuta a tsakiyar titi. Mata suna cikin gida suna suyar kayan ciki, maza suna waje da wuta. Mai gashi yana tsaye tun hantsi har faɗuwar rana: ya ƙara itace, ya yayyafa ruwan gishiri, ya fara ba wuta cikin rago, in lokaci ya yi ya juya mata bayansa. Aiki ne na mai jure zafi, shi kuwa Mutari ko murhun Ramlatu in ya wuce sai ya kare fuska da hula.

Ya san da haka sarai, kuma yana son aikin nan fiye da yadda bakinsa zai yarda ya faɗa. Ya gaji da cin ƙosan da bai sayi wakensa ba, ya gaji da yadda 'yarsa Balkissa ke wuce shi ta je wurin uwarta in tana son wani abu. Kwana biyu yana juya maganar a ransa, a na uku dabara ta faɗo masa. Ya taɓa ji a tasha ana cewa masu shaɗi suna shan zaƙami, abin da Zabarmawa ke kira sobi-lobi, shi ya sa ake zuba musu bulala suna murmushi. To, abin da ya hana mutum jin bulala, ina ga ɗan zafin wuta?

Ya tafi wurin wata tsohuwa mai saiwoyi a bayan Petit Marché, ya nemi zaƙami, ya ce ƙafarsa ce ke kumbura.

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa. "Wace ƙafar? Ga su nan kamar sanda."

"Da safe take kumbura."

"To, shafawa ake yi. Kar ya kusanci bakinka. Na ga wanda ya sha ya kwana uku yana sallama da katanga, na ga kuma wanda bai tashi ba."

"Iya, wanga kai da kike gani," ya ƙwanƙwasa goshinsa, "ba irin na mutane ba ne."

"Haka nake gani," in ji tsohuwa.

Jajibirin salla Ramlatu ta same shi yana wasa wuƙar aro. Ta ce, "Baban Balkissa, ka tahi ka roƙi Baba Buba ya zauna kusa da kai gobe, ya riƙa hwaɗa maka lokacin juyi. Ba abin kunya ba ne."

"Ni a koya wa wuta? Ke dai ki ji da hanji da tumbi. Jibi ki fara shirin zama matar patron, shugaban wurin gashi."

Ramlatu ta koma kan aikinta. Ita ma ta ɗora rai a kan aikin nan, tsoro ne kawai ya hana ta murna.

Ranar salla aka sauko idi, aka yanka, aka feɗe. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya raguna bakwai na Alhaji sun jeru kewaye da wuta, kowanne ya ware ƙafafu a jikin sandunansa, na Hajiya a tsakiya ya fi kowa faɗi. An shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi, Alhaji da liman da dattawan layi suna zaune. Mutari ya fito cikin sabuwar shadda ruwan ƙwai, wadda Ramlatu ta ɗinka masa, ya ƙi cire ta wai mai aikin da ya iya ba ya ɓata riga. Ya zaga bayan gida ya kwankwaɗe gorar zoɓon da ya haɗa da zaƙaminsa, ya goge baki, ya dawo yana taku ɗai-ɗai.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya ƙara itace, ya yayyafa ruwan gishiri, ya ba da umarnin da ba wanda ya nema. Can sai ya lura da abin mamaki, ya ɗaga hannuwa sama.

"Jama'a, ku duba! Ko ɗigon zufa babu!"

Baba Buba ya gyara zama. "Shekara arba'in ina wanga aiki, ban taɓa ganin lafiyayye gaban wuta ba zufa ba."

"Yau ka gani, Baba."

Abin da bai faɗa ba shi ne harshensa ya bushe ƙamas, maƙogwaronsa kamar an cusa masa gari. Ya nemi yawu ya haɗiya ya rasa. Ya waiga, ya ga bokiti cike da ruwa a gefensa, ya ɗauka da hannu biyu ya kafa kai. Sai da ya sha kusan rabi sannan Zuwera, maƙwabciyarsu mai sayar da atamfa, wadda ta fito zubar da ruwan wanke hanji, ta daka masa tsawa.

"Malam Mutari! Ruwan gishirin raguna ne fa kake sha!"

Ya sauke bokiti a hankali. "Ɗanɗanawa nake. Mai gashi na ƙwarai sai ya ji gishirinsa."

"Rabin bokiti?" Ta matso ta leƙa fuskarsa. "Wai mi ya samu idonka? Baƙin ya cinye shi duka. Ga fuskarka ta yi jawur."

"Hasken sana'a ne. Koma ciki, nan wurin maza ne."

Zuwera ba ta koma ba. Ta ajiye roba, ta zaro wayar salula daga ƙugunta ta fara ɗaukar bidiyo.

Daga nan duniya ta fara yi wa Mutari wasa. Fuskokin mutane suka dushe, ƙasa ta cika da ƙananan kiyashi masu walƙiya. Ya durƙusa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu, ya bi sahunsu har kan tabarmar dattawa, ya tsinci biyu a gemun liman. Liman ya ja da baya yana a'uziyya. Mutari ya zauna a gabansa ya harɗe, ya laluba kunne ya zaro sigarin da babu shi, ya ƙyasta ashanar da babu ita, ya zuƙa, ya busa wa liman iska a fuska.

"Ashe kana shan taba, Mutari?" in ji liman.

"Kar ka gaya wa Ramlatu, Malam. Na rantse mata na bari."

Ramlatu tana tsaye a bakin zaure da matsami a hannu, ta ji komai.

Alhaji ya ce, "Mutari, wuta tana cin gefen rago na biyu. Lafiya kake?"

Mutari ya juya ya dubi wuta, sai ya ga abin da ya sa ransa ya yi fari. Ba raguna ba ne. Mutum bakwai ne tsaye a bakin titi, kowa ya ware hannu yana tsayar da mota. Shekara biyu rabon da wani ya tsayar da shi. Ya miƙe da sauri, ya karkata hula.

"Ina zuwa? Wadata? Grand Marché? Ɗaya-ɗaya, kar ku turmushe ni, akwai wuri!"

Dariya ta fara tashi a layi. Mutanen wutar maƙwabta suka baro nasu ragunan suka matso, mata suka firfito da hannuwa duk mai.

Mutari ya kara kunne jikin rago na farko, ya gyaɗa kai cike da tausayi. "Gaskiyarki, madam. Wa ya tsayar da ku gaban wuta haka da rana tsaka?" Ya kama sandunan ya ciccibi ragon ya jingina shi da katanga a inuwa. Ya dawo ya ɗauki na biyu, ya kai shi gindin bedi ya jingina kusa da liman, ya ce su ɗan matsa wa juna. Na uku ya juya shi yana kallon gabas, wai ya ce bai samu idi ba.

Baba Buba ya buga sanda a ƙasa. "Kai! In nama ya huce a rabin gashi ya lalace! Ku riƙe shi!"

"Baba, in ba ka shiga mota, kar ka hana mutane tafiya."

Sai ya iso gaban babban ragon Hajiya, ya tsaya cak, ya rufe ido da tafin hannu.

"Subhanallahi! Dattijo kamarka, tsirara ranar salla? Wa ya yi maka haka?" Ya saurara, sannan ya juya ya nuna Alhaji da yatsa. "Wancan? Shi ya tuɓe ka? Kuma yana zaune yana cin goro!"

Kafin kowa ya motsa ya cire shaddarsa ruwan ƙwai ya zura wa rago, kitse yana tsatsafowa ta aikin ƙirjin rigar. Ya cire hula ya kafa a kan sanda. Ramlatu ta saki matsami ta dafe kai.

Alhaji ya miƙe, fara'a ta bar fuskarsa. "Ya isa! Mutari, sa sufi. Bar ragon uwata."

Mutari ya dube shi, ya ga kaki da hular ɗan sanda da usur a baki. Nan take ya ƙame ya sara masa.

"Ina kwana, shef. Takardu? Komai daidai yake." Ya sunkuya ya cire takalminsa ɗaya ya miƙa da ladabi. "Ga permi." Ya cire ɗayan. "Ga asiransi."

Alhaji ya tsaya riƙe da silifa biyu, ya rasa yaren da zai yi magana da shi, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci.

Wannan tsayuwar ce ta ba Mutari dama. Amalanken da aka kawo itace yana gefe. Ya rungumi ragon Hajiya da rigarsa da hularsa ya kwantar a ciki, ya ce masa gidan gaba na manya ne, ya yi ƙarar tayar da mota da bakinsa, ya kama hannuwan amalanke ya zuba a guje, ba riga ba takalmi.

"Wadata! Wadata! Saura mutum ɗaya!"

Duk mazan layi suka rufa masa baya. Alhaji a gaba ya tattare babbar riga, silifa har yanzu a hannunsa, liman na biye yana riƙe da rawani, sauran suna ihu a tare shi. Titi kuwa cike yake da wutar mutane, Mutari yana ratsawa tsakaninsu yana yin oda da baki. Ya ture bokitin wani, ya bi ta kan tabarmar wasu, ya tsaya cak a mararraba ya jira wata jar danja da shi kaɗai ke ganinta, har Alhaji ya kusa cafke wandonsa, sai ta ba shi hannu ya ƙara mai. A ƙarshen layi ya hango sabuwar kwalta baƙa wuluk, shimfiɗe, ba rami ko ɗaya. Ya yaba wa gwamnati, ya karya kan mota ya hau.

Babbar kwatar unguwa ce, wadda tun safe take karɓar ruwan wanke tumbin Boukoki gaba ɗaya.

Da aka iso an tarar amalanke ya kife, ƙafar rago ɗaya ta leƙo daga baƙin ruwa cikin hannun shadda. Mutari yana zaune a ciki har ƙirji, yana murza sitiyarin iska.

"Terminus," ya ce da jama'a. "Kowa ya sauka, a duba kaya kar a manta."

Sai ranar uku ga salla ya san inda yake. Ya buɗe ido a gadon likita, robar ƙarin ruwa a hannu, ƙafafunsa ɗaure da zane a jikin ƙarfe. Ma'aikaciyar da ke cire masa allura ta ce ya gode wa Allah, zafin jikin da aka kawo shi da shi ya isa ya kashe mutum, kuma ya kwana biyu yana kiran ta karen mota. Mutari bai tuna komai ba. Abu na ƙarshe da ke kansa shi ne yana tsaye gaban wuta, ba zufa, jama'a na kallonsa. Saboda haka ya kammala a ransa cewa ya gama gashi lafiya, gajiya ce ta kayar da shi. Ramlatu ta kawo masa kunu, ya tambaye ta ko Alhaji ya yaba. Ta ce ya sha kunu tukuna.

Washegari da la'asar ya fito fada yana jan ƙafa. Ya tarar da benci cike, ga Baba Buba, ga motar Alhaji a ƙofar gida.

"Ku faɗi gaskiya," ya ce tun kafin ya zauna, "tun da aka kafa Boukoki an taɓa gashi irin nawa?"

"Wallahi ba a taɓa ba," in ji Baba Buba.

Zuwera ta tsallako titi ta miƙa masa salula. "Ga shi ka gani da idonka, shofer. Har 'yan uwana na Agadas sun turo mini shi, ba su san ni na ɗauka ba."

Mutari ya kalla. Ya ga bokiti, ya ga gemun liman, ya ga silifa a hannun Alhaji. Ya ga bayansa tsirara yana ɓacewa a kwana, maza na bin sa. Kunya ta rufe shi har ya ji kamar ya koma kwatar ya nutse. Zai miƙa salular, Zuwera ta ce ya ci gaba, da saura.

Hoton ya dawo kan wuta. Layi ba namiji ko ɗaya sai Baba Buba da ba ya iya ɗaga ko buta. Sai ga Ramlatu ta ci ɗamara da gyale, ta ciccibo ragon da ke jikin katanga ta mayar gaban wuta, ta kira mata biyu suka ɗauko na gindin bedi. Ta ja itacen da ya yi yawa gefe, ta baje garwashi, ta haɗa sabon ruwan gishiri. Tana taɓa haƙarƙari da bayan hannu, tana cewa wannan a juya, wancan a bar shi tukuna. Zufa na zuba daga haɓarta, ko sau ɗaya ba ta ja da baya ba.

"Ban ce mata uffan ba," in ji Baba Buba. "Shida ta gasa, kuma ban ci nama irinsa ba tun ina da haƙora."

Alhaji Idrisa ya fito daga gidan tsohuwarsa. Mutari ya miƙe yana sunkuyar da kai.

"Alhaji, game da aikin nan..."

"Kala suuru, ka yi haƙuri, Mutari. Na ce wanda ya gasa ragunana shi ke da aiki, kuma ban canza magana ba. Ramlatu za ta fara ran Litinin." Ya buɗe ƙofar mota, ya ɗan tsaya. "Ta roƙe ni in bar ka kana kawo mata itace. Na yarda, da sharaɗin ba ka taɓa amalanke. A ka za ka ɗauko."

Mota ta tashi. Mutari ya zauna, ya karɓi kofi, ya kurɓa, ya gyara murya.

"Ai dama ni na koya mata."

"Ƙwarai," in ji Baba Buba. "Ta tsaya ta ga duk abin da ka yi, ta bar shi."

Mutari ya buɗe baki zai mayar da martani, sai muryar Ramlatu ta fito daga zaure, ba da ƙarfi ba.

"Baban Balkissa, zo ka gwada gammo."

Ya ajiye kofin da rabin shayi a ciki, ya tashi ya tafi.